Rahoton Sakatare na Ayyukan Shekarar 2025

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe Shugaba, iyayen ƙungiya, malamanmu, 'yan'uwa maza da mata na Birni da Tudun Wada da Sabon Gari da Samaru da Wusasa, ga bayanin abin da muka yi a bana. Lissafin kuɗi yana hannun Hajiya Ma'aji, ba zan shiga gonarta ba.

A zamanmu na farkon shekara mun tsara abubuwa uku: wayar da kan matasa a kan katin zaɓe, gasar muhawara ta 'yan sakandare, da fitar da 'yar mujallarmu. An yi gasar, kuma ta yi armashi. Wayar da kai mun taɓa ta sama-sama. Mujalla kuwa ba ta fito ba, laifin kuma nawa ne, na karɓa. Dalilin da ya sa shirin ya karkace kowa ya san shi: wasiƙar nan da wani mai shiga tsakani ya kawo mana daga Abuja a watan Janairu, wadda ta yi mana tayin tallafi domin horar da matasa su riƙa bin diddigin gazawar gwamnati suna kai rahoto. Kuɗin daga wata gidauniyar ƙasar waje za su fito. Da yawanmu mun yi murna, har da ni, don kuɗin hayar zauren taro kaɗai ya isa ya hana Ma'aji barci. Sai dattijonmu, tsohon malamin tarihi, Allah ya ƙara masa lafiya, ya yi tambayoyi biyu: kuɗin wane ne, kuma matasan wace unguwa za a ba? Ba wanda ya iya amsawa a ranar. Daga nan aka yanke shawarar a mayar da zaman wata-wata ya zama na nazarin wannan batu kafin a ce e ko a'a.

Ba mu ma fara ba sai shugaba Trump ya dakatar da tallafin Amurka na ƙasashen waje a ranar 20 ga Janairu, daga baya aka rufe USAID, hukumar da ke raba wannan tallafi, ɗungurungum. Mai kawo mana wasiƙa ya yi ɗif, sai bayan Babbar Sallah ya dawo yana cewa an samo wata kafar. Wannan shirun ya ba mu lokacin yin karatu a tsanake.

Zaman Fabrairu ya tsaya a kan asalin abin. Asusun tallafa wa dimokuraɗiyya na Amurka, wanda aka fi sani da NED, an kafa shi ne a 1983 zamanin Ronald Reagan, kuma majalisar dokokin Amurka ce ke ba shi kuɗi. A ƙarƙashinsa akwai cibiyar NDI mai alaƙa da jam'iyyar Democrat da IRI mai alaƙa da Republican, waɗanda masu sa ido nasu suka sha zuwa zaɓukan Najeriya. A wannan zaman ne aka ɓata kusan rabin lokaci a kan zargin da ɗan majalisar Amurka Scott Perry ya yi a watan, cewa kuɗin USAID sun isa hannun Boko Haram. Ofishin jakadancin Amurka a Abuja ya musanta. Mun tsaya a kan cewa zargi ba hujja ba ne, ko da ya yi wa kunnenmu daɗi, kuma ina roƙon masu turo irin waɗannan saƙonni a zauren WhatsApp ɗinmu da tsakar dare su ji tsoron Allah.

Azumi ya sa ba mu zauna a Maris ba.

Zaman da ya fi kowanne nauyi shi ne na Iraki, har sai da muka raba shi gida biyu. A 1998 majalisar Amurka ta yi dokar 'yantar da Iraki, Bill Clinton ya sa hannu, aka amince a ba 'yan adawar Saddam Husaini kayan soja da horo na dala miliyan 97. A takarda, masu neman dimokuraɗiyya ake taimakawa. Amma da muka buɗe jerin sunayen 'yan adawar da ke gudun hijira, sai muka tarar kusan kowace ƙungiya da tutar aƙida ko ta ƙabila take tafe: jam'iyyar Da'awa da majalisar ƙoli ta juyin Musulunci na 'yan Shi'a ne, ta biyun ma a Tehran take zaune, manyan jam'iyyu biyu na arewa na Kurdawa ne, sai irin su Ahmad Chalabi da suka fi sanin hanyoyin Washington a kan lungunan Bagadaza. Bayan Amurka ta mamaye ƙasar a Maris 2003, Paul Bremer, jami'in da ta ɗora a kan mulkin Iraki, ya kori 'yan jam'iyyar Ba'ath ta Saddam daga aikin gwamnati, ya rushe rundunar soja a watan Mayu. Majalisar riƙon ƙwarya mai mutum 25 da aka naɗa a Yuli, da awon aƙida da ƙabila aka raba kujerunta, 13 na 'yan Shi'a. Yawancin 'yan Sunni suka ƙaurace wa zaɓen Janairu 2005. Ranar 22 ga Fabrairu 2006 aka tashi hubbaren Askari na 'yan Shi'a a Samarra da bam, daga nan mutum ya koma yana iya rasa ransa a shingen hanya saboda sunansa Umar ko sunansa Ali. A Yuni 2014 Mosul ta faɗa hannun ISIS.

Abin da ya tsaya mana a rai a nan shi ne cewa mai ba da kuɗi daga nesa ba ya ganin abin da maƙwabci yake gani. Shi ya rubuta "'yan adawa" a kundinsa. Mutumin gari kuwa ya san a wane masallaci waɗannan 'yan adawar suke salla, kuma da wannan idon zai kalli kuɗin.

Zaman Yuni ya zo daidai da yaƙin kwana 12 tsakanin Isra'ila da Iran, don haka zaure ya cika har waje, kuma zukata a sama suke. Mai gabatarwa ta koma 1953, lokacin da hukumomin leƙen asirin Amurka da Birtaniya suka taimaka aka kifar da firaminista Muhammad Musaddik, domin a gane dalilin da ya sa kalmar "taimakon Amurka" take da ɗaci a Iran. A Fabrairu 2006 sakatariyar harkokin wajen Amurka Condoleezza Rice ta nemi majalisa ta ba da dala miliyan 75 don yaɗa dimokuraɗiyya a ƙasar. Cikin waɗanda suka soki shirin har da masu adawa da gwamnatin a cikin gida, irin su lauya Shirin Ebadi mai lambar Nobel ta 2003 da ɗan jarida Akbar Ganji da ya sha ɗauri. Hujjarsu ita ce kuɗin sun ba hukuma sandar da za ta doki kowane mai suka da ita a matsayin ɗan koren baƙi. A 2007 aka tsare malama Haleh Esfandiari, Ba'amurkiya 'yar asalin Iran, a kurkukun Evin na Tehran fiye da kwana 100 a kan irin wannan zargi. Masar ma mun taɓo ta a gurguje: samamen ofisoshin NDI da IRI a Disamba 2011, da hukuncin da aka yanke wa ma'aikata 43 a 2013 kafin a wanke su a 2018.

A wannan zaman ne aka yi mana abin da har yanzu yake yi mini ciwo. Wani baƙo, ba ɗan ƙungiya ba, ya naɗi muryar ɗaya daga cikin malamanmu, ya yanke gaba da baya, ya watsa guntun da zai sa a ɗauka muna zagin wani ɓangare na Musulmi. Sai da Shugaba ya kwashe mako guda yana bin zaurukan malamai yana bayani. Tun daga ranar aka hana naɗar murya a zamanmu sai da izinin mai magana. Idan minti ɗaya na murya zai iya yi mana haka a garin nan, to ina ga takardar banki mai ɗauke da sunan wata ƙasa?

Siriya mun duba ta a Agusta. Bayanan da WikiLeaks ta fallasa, waɗanda jaridar Washington Post ta buga a Afrilu 2011, sun nuna cewa ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta tallafa wa wasu 'yan adawa da ke Landan da tashar talabijin ɗinsu ta Barada. Adalci shi ne a faɗa cewa ba wannan tashar ce ta kunna wutar ba. Harbin masu zanga-zanga a Dar'a a Maris 2011 aikin gwamnatin Assad ne. Sai dai da rikici ya yi nisa, kuɗin da suka yi tasiri ba na taron bita ba ne. Saudiyya da Katar da Turkiyya suka tsaya wa 'yan tawaye masu makami, Iran da Hizbullah suka tsaya wa gidan Assad na 'yan Alawiyya, Rasha ta shigo da jiragenta a Satumba 2015, waɗanda suka fara fita da kwalaye a hannu kuma aka daina jin duriyarsu. Assad ya gudu a 8 ga Disamba 2024, amma a Maris ɗin bana an kashe ɗaruruwan fararen hula 'yan Alawiyya a gaɓar teku, a Yuli kuma jini ya zuba a Suwaida tsakanin mabiya addinin Duruz da Larabawan ƙauye. Wani ɗan'uwa ya ƙara da Baharain, inda a Maris 2011 sojojin Saudiyya suka tsallaka gada suka taimaka aka murƙushe zanga-zangar da galibin masu yin ta 'yan Shi'a ne, ba a kuma ji wani motsi mai ƙarfi daga Amurka ba, wadda rundunar ruwanta ta biyar take zaune a tsibirin. Mai tallafi shi ke zaɓen wanda za a kira ɗan gwagwarmaya.

Ba zan yi wa ƙungiya adalci ba idan ban kawo hujjar ɗaya ɓangaren ba, domin tana da ƙarfi, kuma ɗan'uwanmu lauya daga Sabon Gari ya kare ta da kyau. Ya tuna mana da zamanin Abacha: rataye Ken Saro-Wiwa a 10 ga Nuwamba 1995, dakatar da Najeriya daga ƙungiyar Commonwealth, 'yan ƙungiyar adawa ta NADECO da suka tsere waje, da Rediyo Kudirat da ke watsa shiri daga ƙetare da taimakon masu tallafi na waje. Ya ce Kudirat Abiola da aka harbe a Legas a 4 ga Yuni 1996 a nan Zariya aka haife ta, kuma a lokacin da baki ya rufu a gida, kafar waje ce ta rage. Ya kawo ƙungiyar ƙwadago ta Solidarity a Poland da matasan ƙungiyar adawa ta Otpor a Sabiya, waɗanda duk sun ci tallafin waje kuma ƙasashensu ba su faɗa yaƙin addini saboda haka ba. Amsar da aka ba shi ita ce Poland kusan duk ɗarikar Katolika ce, ba ta da irin tsagar da muke da ita. Ba ta gamsar da shi ba, kuma ni kaina ban ce an kayar da shi ba.

Zaman Disamba na gida ne, ya kuma zo daidai da cika shekara 10 da abin da ya faru a garin nan daga 12 zuwa 14 ga Disamba 2015 tsakanin sojoji da mabiyan Shaikh Ibrahim Zakzaky, daga cibiyarsu ta Husainiyya zuwa unguwar malamin ta Gyallesu. Kwamitin binciken gwamnatin Kaduna ya ji shaidar cewa an binne gawa 347 a kabari ɗaya. Kotu ta sallami malamin da mai ɗakinsa a Yuli 2021. Mun tuna da kisan Shaikh Albani Zariya da iyalinsa a 1 ga Fabrairu 2014, da rikicin Kafanchan na 1987 da ya fantsamo nan aka ƙona coci-coci, da tarzomar bayan zaɓen 2011. 'Yan'uwanmu na Wusasa sun yi magana, mun saurara, haka ma waɗanda suka rasa dangi a Gyallesu. A cikin wannan zaure babu wanda bai san cewa Tehran da Riyad sun daɗe suna da masoya a Zariya ba, ta hanyar guraben karatu da littattafai da ginin masallatai. Shi ya sa aka ƙi yarda a taƙaita maganar a kan Turawa kaɗai. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman ya kwashe shekaru a Samaru yana jan kunne a kan masu amfani da addini don cimma burin siyasa, kuma sanarwar Trump ta 31 ga Oktoba, da ta sa Najeriya a jerin ƙasashen da ake zargi da tauye 'yancin addini, ta nuna mana yadda matsalar tsaro da ta shafi kowa take iya komawa ta Musulmi da Kirista idan ta bi ta bakin wata gwamnatin waje.

Bayan an sha muhawara, an kaɗa ƙuri'a, masu rinjaye suka ce a mayar da tayin da godiya. An kuma amince da ƙa'ida: ƙungiya ba za ta karɓi kuɗin wata gwamnatin waje ko gidauniyar da take ci daga aljihunta ba don aikin da ya shafi siyasa, daga gabas suka fito ko daga yamma. Kowa ya ci ladan kuturu, ya san sauran. Lauyanmu ya ja hankali cewa sashe na 225 na tsarin mulkin 1999 jam'iyyun siyasa ya hana riƙe kuɗin da aka aiko daga waje, har ya ce su miƙa wa INEC cikin kwana 21, bai shafi ƙungiya irin tamu ba. Wato mu muka ɗaure kanmu, ba doka ba. An rubuta ra'ayinsa da na waɗanda suka goyi bayansa a kundin zama, kuma an yarda a sake duba ƙa'idar bayan zaɓen 2027. Tallafin littattafai ko na lafiya bai shiga cikin hanin ba, amma sai an karanta takardarsa a gaban kowa.

Sakamakon wannan shawara shi ne aljihunmu ne zai ɗauki nauyinmu. Mai zauren da muke haya ya ƙara kuɗi, don haka kwamitin zartarwa yana ba da shawarar zaman baɗi ya riƙa zagayawa tsakanin unguwanni, wata a Birni, wata a Samaru, wata a Wusasa, duk inda aka ba mu aron wuri. Ana kuma roƙon waɗanda ake bi kuɗin wata su ga Hajiya Ma'aji kafin su fita.

Mun yi rashin iyaye da 'yan'uwa a bana, an je ta'aziyya da sunan ƙungiya, Allah ya jiƙansu, ya ba mu haƙuri. Mujallar da na gaza fitarwa, kwamiti ya ce takardun da aka gabatar a zaman Iraki da na Disamba su zama fitowarta ta farko, kuma ina neman mutum biyu da za su taya ni gyaran rubutu kafin azumi.

Wassalam.

Sakataren Ƙungiya
Zariya