Lokacin da jarida ta koma ba da umarni

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon fili in yi magana kan jaridun Turai na tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, daga 1918 zuwa 1939. Na daɗe ina koyar da tarihi, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai game da zamanin nan shi ne yadda jarida ta bar sanar da mutum ta koma daka masa tsawa.

Mussolini ɗan jarida ne tun kafin ya hau mulkin Italiya, shi ya kafa jaridar Il Popolo d'Italia a 1914. Da ya samu iko sai salonsa ya zama salon ƙasa: gajerun jimloli, babu "ana zaton", babu "wane ya musanta". Taken da aka cika bango da shafukan jarida da shi cewa yake: yi imani, yi biyayya, yi yaƙi. Amma editan da ke yi wa talaka tsawar shi ma tsawa ake yi masa. Kullum gwamnati na aika wa jaridu 'yan takardu: wannan labari ya hau shafin farko, wancan a binne shi, a rage labarin kisa da fashi don a ga kamar ƙasa na zaune lafiya. Da sojojin Italiya suka afka wa Habasha a Oktoban 1935, an cika wa mai karatu kunne da kirarin nasara, aka ɓoye masa iskar gubar da aka zuba wa bayin Allah. Wannan ɓoyon har yau yana ci mini rai.

A Jamus, dokar editoci ta Oktoban 1933 ta hana kowa aikin jarida sai wanda aka yi wa rajista, Bayahude kuwa ba shi da shiga. Ma'aikatar Goebbels, ministan farfaganda na gwamnatin Hitler, kan tara 'yan jarida a Berlin kullum ta faɗa musu abin da za su rubuta.

Kada a ce abin na ƙasashen kama-karya ne kaɗai. A Ingila ba wanda ya tilasta wa Lord Rothermere, amma a Janairun 1934 jaridarsa Daily Mail ta fito tana jinjina wa 'yan baƙar riga na Oswald Mosley, wato ƙungiyar masu koyi da aƙidar Mussolini a Ingila. Tun 1931 Stanley Baldwin, shugaban jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ta Ingila a lokacin, ya zargi irin waɗannan masu jaridu da neman iko ba tare da ɗaukar alhaki ba, kuma ina ganin gaskiya ya faɗa.

Roƙona biyu ne. Ku ware shafi ku kawo wa matasanmu wannan tarihi dalla-dalla. Sannan duk kanun labarin da za ku sa "dole" ko "wajibi ne" a cikinsa, ku rubuta sunan wanda ya faɗa tun a kanun, domin mai karatu ya san ko muryar hukuma yake ji ko ta jaridarku.

Naku,
Wani tsohon malamin tarihi