Amsa ga Ardo kan diyyar dabbobin da bala'i ya kashe

Ranka ya daɗe Ardo, bayan gaisuwa da fatan iyali da dukiya suna lafiya.

A shirin makiyaya na rediyo ka kira ni, a matsayina na tsohon malamin dabbobi a nan Daura, ka ce: shin gaskiya ne a Amurka gwamnati na biyan makiyayi kuɗi idan bala'i ya kashe masa shanu, kuma in haka ne, me ya hana a yi mana?

Gaskiya ne. Ma'aikatar gona ta Amurka na da ofisoshi a ƙananan hukumomin karkara, kuma dokar noma ta 2014 ta mayar da wannan tallafi na dindindin. Idan ambaliya ko gobarar daji ko tsananin sanyi ya kashe dabbobi fiye da abin da aka saba rasawa a shekara, ana biyan mai su kashi 75 cikin 100 na farashin kasuwa. Akwai kuma kuɗin ciyawa idan fari ya yi tsanani, gwargwadon taswirar fari da ake fitarwa duk mako. Amma ba a biyan kowa da fatar baki. Sai ya kawo shaidar yawan garkensa kafin bala'in: rasit ɗin saye, takardar likita, hoton gawar dabbar.

A nan gizo yake saƙar, Ardo. Na yi shekaru ina yawon rigakafin ciwon huhu ruga-ruga. Mu iso da sassafe da akwatin ƙanƙara, a tarbe mu da ƙwaryar kindirmo, a fito mana da 'yan shanu kaɗan, alhali ga sawun babban garke ya nufi bayan dutse, kashinsu ko hucewa bai yi ba. Ban taɓa ganin laifinku ba. Iyayenku sun sha azabar jangali, kuma ko da yake an soke shi tun shekarun 1970, har yau mai biro da littafi abin tsoro ne a ruga. Sai dai ranar da ruwa ya tafi da garken nan, wa zai shaida cewa akwai shi?

Ka tuna ambaliyar Jibiya ta Yulin 2018, wadda ta ci rayuka fiye da 40, ta kuma tafi da dabbobi. Irin agajin da aka saba kaiwa bayan bala'i shinkafa ce da katifa da kwanon rufi. Suna da amfani, amma wanda arzikinsa ke tafiya da ƙafa huɗu, kwano ba zai mayar masa da saniyar tatsa ba.

Ko da an kwaso tsarin Amurka dungurungum, ba zai share mana hawaye duka ba, domin ba ya biyan dabbar da aka sace. Mu kuwa, daga Batsari zuwa Safana da Ɗanmusa, ɓarayin daji sun fi fari da ambaliya cinye garkuna. Namu tsarin dole ya shigar da wannan, da shaidar ardo da mai gari da ta 'yan sanda.

Tun da an kafa ma'aikatar kiwo ta tarayya a 2024, yanzu akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Abin da nake so a nema shi ne rajistar dabbobi da za a riƙa yi ranar rigakafi, gwamnati ta rubuta a doka cewa ba za a ɗora haraji a kanta ba, kuɗin kuma ya shiga hannun mai dabba kai tsaye ba tare da ɗan tsakani ba. Kada a manta da matan da ke kiwon awaki biyu ko uku a cikin gida, su ne ake fara tsallakewa.

In ka amince, ka tara min ardoɗin yankinka ranar kasuwar Mai'aduwa, in zo da samfurin katin rigakafi mu duba tare, kafin mu rubuta wa gwamnatin jiha.

Wassalam,
Naka, tsohon malamin dabbobi, Daura