Godiya ga ma'aikatan gidan adana takardun tarihi na Kew

Assalamu alaikum jama'a. Ni dai ba kasafai nake yabon ofis ba, amma ma'aikatan National Archives da ke Kew a Landan sun yi min abin da ya zama dole in fito fili in gode musu.

Bincike nake yi kan wani ɗan ƙaramin jirgin ruwan yaƙi na Ingila mai suna Black Joke, irin na da ɗin nan da babu inji sai iska ke tura shi. Asali ma jirgin fataucin bayi ne, Henriqueta ake ce masa, yana jigilar mutane daga gaɓar tekunmu zuwa Bahiya a Burazil, kuma duk wanda ya san tarihi ya san akwai Hausawa cikin waɗanda aka riƙa kaiwa can. A 1827 jirgin yaƙin Ingila mai suna Sybille ya kama shi maƙare da bayi 569, sai Turawan suka saye shi saboda gudunsa, suka sa shi farautar ƴan uwansa masu wannan mugun fatauci.

To na sha wahala kafin in je Kew, na rubuta wa wurare har na gaji, wasu ko amsa babu, wasu su ce in duba intanet kamar ban san hanyarta ba. Ko a can ɗin da na sa sunan jirgin a kwamfuta abin da ya fito bai taka kara ya karya ba, har raina ya fara ɓaci.

Sai wata dattijuwa a teburin tambaya ta lura da ni, ta taso da kanta ta jawo kujera ta zauna kusa da ni. Ita ta fahimtar da ni cewa Black Joke ɗan rakiya ne, ba ya cin gashin kansa, ma'aikatansa a rajistar babban jirgi suke, wato Sybille daga baya kuma Dryad, don haka can zan nema, da kuma takardun kotun da ke shari'ar jiragen bayi a Firitawun, babban birnin Saliyo. Ta rubuta min lambobin fayil da fensir, don ba a shiga ɗakin karatun da biro, ta nuna min yadda ake ɗora tsohon littafi kan matashi kada bayansa ya karye. Baiwar Allah ko sau ɗaya ba ta duba agogo ba.

Ta nan na bi labarin Fabrairun 1829, lokacin da Laftanar Henry Downes, yana jan Black Joke da igwa 2 kacal, ya bi jirgin bayi El Almirante na ƴan Sifaniya mai igwa 14, aka yi ta kora tsawon awa 31 kafin a gwabza, ya ƙwato mutum 466. Wallahi jikina sai da ya yi sanyi. A 1832 kuma aka ƙone jirgin a Saliyo wai katakonsa ya ruɓe.

Katin shiga kyauta, ɗaukar hoton takardu kyauta. Mama, Allah ya saka miki da alheri ya ƙara lafiya.

Abin da ke ci min rai shi ne takardar da ta kusa shekara 200 an kawo min ita lafiya lau, amma akwai ofisoshin da fayil ɗin bara ma sai a ce maka gara ta cinye, ko mai makulli ya tafi ɗaurin aure, ka dawo jibi, in ka dawo kuma wani ya tsaya yana sosa ƙeya yana jiran na goro.