Godiya ga ma'aikatan ƙaramin asibitin unguwarmu

Assalamu alaikum.

Na rubuto ne in gode wa ma'aikatan ƙaramin asibitin unguwarmu a nan Sakkwato, musamman Hajiya mai kula da wurin, kan abin da suka yi wa ɗiyata.

Yarinyar nan tun tana firamare ba ta da zance sai na zama likita. Ta zana jarrabawar JAMB, makinta bai yi muni ba, amma bai kai ta ga gurbin likitanci a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ba. Hukumar kula da likitoci ta ƙasa ce ke yanka wa kowace jami'a yawan ɗaliban da za ta ɗauka, masu nema kuwa ba iyaka. Da zaman jiran wata shekarar ya kama, sai na ce kafin ta ɗaura wa kanta karatun shekara 6, gara ta ga aikin da idonta, ko da sa-kai ne ba ko sisi.

Neman wurin ne ya fitar da ni gumi. A wani asibitin kuɗi ko ƙofa maigadi bai bari mun wuce ba. Wani wurin aka ce in zo da takarda daga "wani babba", ni kuwa babban da na sani shi ne limamin masallacinmu. Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne inda aka karɓe mu hannu bibbiyu, aka yanka min kuɗin koyon aiki, mai wurin yana bugun ƙirji wai cikin wata guda za ta iya allura da ƙarin ruwa. Yarinyar da ko sunayen jijiyoyi ba ta sani ba!

Hajiya kuwa sai da ta gama sallamar masu awo, sannan ta ba mu kujera. Ta tambayi yarinyar me ya sa take son likitanci, ta saurare ta har ƙarshe. Ta juyo ta ce, "Malam, ka bar min ita. Amma ɗiyarka ba za ta taɓa allura ba, ba za ta ba kowa magani ba, kuma abin da ta ji a ɗakin awo, nan za ta bar shi." Nan take hankalina ya kwanta.

Aikinta rijista ne da tsara layi. Ranar rigakafi ita ke duba kati tana tuna wa uwa cewa allurar Penta, mai kare jariri daga cututtuka biyar, sau uku ce, a mako 6 da 10 da 14, ta ƙyanda kuma sai wata 9. Safe da yamma tana bin ma'aikaciya su duba firjin alluran kada sanyinsa ya fita daga digiri 2 zuwa 8. Amma abin da ya fi zama mata a rai shi ne ɗan tef ɗin nan mai launi uku da ake zagaya wa damtsen yaro. Idan ya tsaya a ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ta yi tsanani. Ranar da ta fara ganin ja a hannun wani ɗan shekara biyu, ta dawo gida ta kasa cin tuwo. Na zaci shi ke nan ta haƙura. Washegari ta riga kowa tashi.

Wata rana kuma Hajiya ta kira ta ta nuna mata gyambo a dasashin wata yarinya, ta yi mata bayanin cutar noma mai cin fuskar yara, sannan ta rubuta takardar tura su asibitin noma na nan Sakkwato. A bakin ɗiyata na ji cewa sai a Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cutar cikin jerin waɗanda aka yi wa sakaci.

An gaya min a Ingila jami'o'i kan tambayi mai neman likitanci abin da ya koya a irin wannan aiki. Mu nan maki ake dubawa, don haka wahalar nan ba za ta ƙara mata ko ɗigo a JAMB ba. Shi ya sa yara da yawa ke shiga karatun ba su taɓa jin warin ɗakin majinyata ba, wasu kuma ake tura su kemis suna soka wa jama'a allura da sunan koyon aiki, ba mai tsawatarwa. Wurin da zai karɓi ɗan talaka ya kafa masa iyaka ya koya masa, shi ne ya yi ƙaranci a garin nan.

Yanzu da jarrabawa ta matso, Hajiya da kanta ta rage mata ranakun zuwa, ta ce ta je ta riƙe littafi. Allah ya saka muku da alheri, ya jiƙan mahaifa.

Wani uba,
Sakkwato.