Godiya ga Kantin da Ya Ƙi Sayar Mini da Abin da Na Je Nema

Assalamu alaikum.

Wannan godiya ce ga ma'aikatan ƙaramin kantin magani da kayan gyaran fata na unguwarmu, Tudun Wada, musamman yarinyar nan da ta karanci harhaɗa magunguna.

A hunturun bara na shigo muku fuskata kamar an barbaɗa mata toka. Wata huɗu ina shafa man haɗi na bilicin da na saya ta WhatsApp, a roba marar suna, babu lambar NAFDAC. Haske kam na yi, amma gaɓoɓin yatsuna sun yi baƙi ƙirin, kumatuna na raɗaɗi da na shiga rana. Na ce a ba ni wanda ya fi shi ƙarfi. Yarinyar ta kama hannuna ta juya shi, ta ce, "Anti, wallahi ba zan sayar miki ba. Fatarki ƙishirwa take ji."

Raina ya ɓaci, amma na zauna. Ta ce irin wannan haɗin galibi da sinadarai masu ƙarfi, haidirokwinon da sitiroyid, a ciki, wani har da zaiba, shi ya sa a 2023 NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin barazana ga lafiyar ƙasa. Ta tura ni wurin likitan fata, domin yanke sitiroyid farat ɗaya yakan tayar da ƙuraje.

Sati shida ban shafa komai ba sai gilisarin da man kaɗanya. Da fata ta huce, sai ta haɗa ni da nayasinamaid mai kashi 5 cikin 100, wato bitamin B3. Shi yana rage baƙin da ke haurowa saman fata, yana kuma taimaka mata ta riƙe ruwa, aiki biyu ke nan a kwalba ɗaya. Sai bitamin C na shafawa da safe, a ɓoye shi daga rana, ranar da ya koma kalar shayi a zubar.

Abin da ya fi burge ni maganar wani sinadarin shafawa ce, mai suna hayaluronik. Ta ce kamar soso yake, ruwa yake tsotsa, iskar hunturun Kaduna kuwa babu ɗigon laima a cikinta. Don haka in shafa shi bayan alwala, fuska na da danshi, in rufe da kaɗanya. Wa ya taɓa faɗa mana wannan a kasuwa? Ta kuma nace kan man kariyar rana mai lamba 30, tunda kullum a keke Napep nake zuwa makaranta.

Yau tabon ya dushe, kalar da mahaifiyata ta haife ni da ita ta dawo, tana sheƙi. Kuɗin da na kashe bai kai na haɗin ba.

Allah ya yi wa kasuwarku albarka, ya saka wa iyayen yarinyar nan da alheri. Ranar Asabar zan kawo ƙanwata.

Taku,
wata malamar firamare,
Tudun Wada, Kaduna.