Yaranmu na ɗinki: yabo na kumbura su, kushe na karya su

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara basira. Muna rubuto maka daga cikin birnin Zariya, mu wasu iyayen gida ne masu koyar da ɗinkin hannu na babbar riga.

Damuwarmu ita ce yaran da ke hannunmu ba sa iya auna kansu sai da bakin mutane, alhali a sana'ar nan baki ba ma'auni ba ne. Dillali yana kushe aiki don ya karya kuɗinsa. Ɗan'uwa yana yabawa don yana son bashi ko kyauta. Masu yabon hoto a Facebook kuwa gaban riga kawai suka gani.

Wajen aiki muna da yadda muke yi. Yaro ya gama aska biyu ko aska takwas, wato zanen ado mai tsini da ake ɗinkawa a jikin riga, sai mu ce ya juya rigar ya duba bayanta tun kafin a kai wa mabuga, domin bugu yana kwantar da zare ya ɓoye aibi. Ya ga ko tazarar allura ta zo daidai, ko ya ja zare da ƙarfi har shaddar ta tattare, ko tsinin askar ya kauce wa zane. Aikinsa na farko muna ajiye shi, duk bayan wata uku ya jera shi da sabo. Wanda ya kushe kuma a ce ya ɗora yatsa a wurin. In ya kasa, ciniki yake yi.

To wannan ya yi mana maganin riga, bai yi na zuciya ba. Wanda aka fara kira gwani ba ya yarda ya warware kuskure, sai ya bi ta kai da wani zaren. Wanda aka gwasale a gaban tsaransa kuwa, ko hannunsa ya fi na kowa kyau, sai ka ji ya ajiye allura ya koma acaɓa. Wannan ya fi ci mana rai.

Malam, ta yaya matashi zai gane halinsa da iyawarsa ba tare da jiran bakin wani ba? Mu iyayen gida, mu rage yabo ne, ko mu riƙa yinsa a keɓe? Kuma me za a faɗa wa wanda ya riga ya yarda cewa shi ba komai ba ne?

Wassalam.
Wasu maɗinka, Birnin Zariya