Ku kai mu Masallacin Fadar Shirwanshah

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na bi rahotannin da kuka kawo daga Baku, babban birnin Azarbaijan, lokacin taron sauyin yanayi na Nuwamban 2024. Kun nuna mana dogayen benaye na gilashi har mun ƙoshi, amma ba wanda ya leƙa cikin tsohuwar ganuwar birnin, inda Fadar Shirwanshah, wato fadar tsoffin sarakunan yankin, take da ɗan masallacinta. Shi ne ƙorafina.

Masallacin ba babba ba ne. Da dutsen farar ƙasa na yankin aka gina shi, kuma rubutun Larabci da ke jikin hasumiyarsa ya ambaci Sarki Khalilullah na Ɗaya da shekarar 845 ta Hijira, wato wajen 1441 miladiyya. Hasumiyar ta kai mita 22, a ƙarƙashin barandar ladan kuwa an sassaƙa dutse hawa-hawa kamar saƙar zuma. Ɗakunan salla biyu ne, babba na maza, ƙarami na mata, kowanne da ƙubbarsa, mata kuma da ƙofarsu daban. Wannan kaɗai ya isa a yi shiri a kansa, ganin yadda har yau ake gina manyan masallatai a manta da iyayenmu mata sai an gama, sannan a kafa musu rumfar kwano a gefe.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne labarin adana shi. A shekarar 2000 UNESCO, hukumar ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa tsohon birnin da fadar cikin jerin kayan tarihin duniya. A watan Nuwamban shekarar girgizar ƙasa ta afka wa Baku. Zuwa 2003 an mayar da wurin jerin waɗanda ke cikin haɗari, kuma ba girgizar kaɗai aka ɗora wa laifi ba. An yi kuka da gine-gine barkatai a cikin ganuwa da kuma gyaran da ba a yi shi bisa ƙa'ida ba. Sai da hukumomi suka tsara yadda za a kula da wurin kafin a cire shi daga jerin a 2009.

Mu a Zariya mun san wannan ciwo. Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina kusa da fada a ƙarni na 19, yau bakan gizon rufinsa da aka gina da laka yana cikin wani sabon gini na siminti. Niyya mai kyau ce, ba shakka, amma mai wucewa ba zai san abin da ke ciki ba.

Don Allah idan wakilinku ya sake zuwa Baku, ya nemi masu kula da fadar, wadda yanzu gidan tarihi ce, ya tambaye su wane irin dutse da turmi suke amfani da shi wajen gyara, kuma wa ke da ikon cewa a dakata idan ɗan kwangila ya fara wuce gona da iri.

Na gode.

Mai sauraronku daga Zariya